Dokar da ta hana tururin fetur fita daga tankin mota a Amurka

Warin da ke dukan hanci a gidan mai tururin fetur ne. Tankin da ake cewa babu komai a cikinsa cike yake da wannan tururi, kuma duk litar da ta shiga sai ta kori kimanin lita guda ta tururin zuwa waje. A cikinsa akwai sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini, sannan idan rana ta buge shi yakan haɗu da hayaƙin motoci ya gurɓata iskar gari.

Gyaran da aka yi wa Dokar Tsabtace Iska ta Amurka a 1990 ya ɗora nauyin a kan ɓangarori biyu. Gidajen mai na biranen da iskarsu ta lalace an tilasta musu sa famfo mai zuƙe tururin ya mayar da shi rijiyar mai ta ƙarƙashin ƙasa. Masu ƙera motoci kuwa aka ce motar da kanta ta riƙe aƙalla kashi 95 cikin 100 na tururin. An fara da ƙananan motoci ƙirar 1998, zuwa 2000 duk sababbin ƙananan motoci sun shiga tsarin.

Dabarar ba ta da wuya. An tsuke wuyan tankin yadda man da ke kwarara zai toshe hanyar, tururin ya rasa mafita ta baki. Sai ya bi wani siririn bututu zuwa wani gwangwani cike da gawayi na musamman, gawayin ya riƙe shi. Da an tayar da mota an kama hanya, inji ya janyo tururin ya ƙone shi tare da mai. Abin da da iska za ta kwashe ya koma tafiya.

Da irin waɗannan motoci suka yi yawa, a Mayun 2012 hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta ba jihohi damar cire na'urar gidajen mai. Kalifoniya dai ta ci gaba da tata.

Abin ya shafi mai mota 'yar Kwatano da aka ƙera don kasuwar Amurka. Idan famfo ya tsaya da kansa, tanki ya cika ke nan. Ɗabi'ar nan ta jijjiga mota a ce "ƙara kaɗan" tana iya tura ruwan fetur cikin gawayin, wanda tururi kawai aka yi shi ya riƙe. Idan ya jiƙe, fitilar gargaɗin inji na iya kamawa, famfo kuma ya riƙa katsewa tun tanki bai cika ba.