Fafutukar LGBT: me ake nufi da ita, kuma me masu yin ta suke nema?

A watan Yulin 2024 haruffa huɗu suka shiga bakin kowa, tun daga zangon Agege har rumfunan 'yan gwari na Mile 12 a Legas: LGBT. Jaridar Daily Trust ce ta buga labari ranar 4 ga watan cewa yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya ta sa wa hannu tare da Tarayyar Turai, tana ɗauke da sharaɗin goyon bayan masu neman jinsi ɗaya. Kafin Magariba saƙonnin murya sun cika WhatsApp, washegari Juma'a kuma limamai da yawa suka hau mumbari da maganar. Ministoci Atiku Bagudu da Mohammed Idris suka fito suka ƙaryata. Daga baya kwamitin da ke sauraron ƙorafi a kan kafafen yaɗa labarai ya bincika ya ce rahoton bai inganta ba, jaridar ta ba da haƙuri. Ƙura ta lafa, amma kalmar ta zauna, kuma har yau da yawa daga cikin mutanenmu sun ɗauka LGBT sunan wata ƙungiya ce mai shugaba da hedikwata a Amurka, wadda ke rabon daloli.

Ba ƙungiya ba ce. Haruffan farko ne na wasu kalmomin Turanci huɗu. L tana nufin mace mai sha'awar mace 'yar'uwarta, G namiji mai sha'awar namiji, B mai sha'awar jinsi biyun. T kuwa shi ne wanda yake jin jinsin da aka haife shi da shi ba nasa ba ne, har yakan sauya shiga da suna, wani ma ya kai ga tiyata. Wani lokaci akan ƙara Q da I da alamar tarawa. Q ɗin na wanda bai tsaya a ɗaya daga cikin waɗancan rukunoni ba ne. I ɗin mata-maza ne, wanda aka haifa da halitta mai rikitarwa. Wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, littattafan fiƙihu sun daɗe da yin bayanin rabon gadonsa, kuma lamarinsa na halitta ne, bai shafi sha'awar kowa ba. Sannan mu idan muka ce luwaɗi ko maɗigo, aiki muke nufi, abin da mutum ya aikata. Haruffan nan kuwa mutumin suke siffantawa, ko ya taɓa aikata wani abu ko bai taɓa ba. Shi ya sa sau da yawa za ka ga ana ta gardama alhali kowane ɓangare a kan abu daban yake magana.

Fafutukar LGBT ita ce haɗa kai da ake yi don a daina hukunta waɗannan mutane a doka, ko a daina cutar da su, ko a ba su wani haƙƙi kamar na aure da gado. Buƙatu uku ne daban-daban, kuma wadda ake nema ta danganta da ƙasar da ake ciki.

A Jamus aka fara kafa ƙungiya irin wannan. Wani likita mai suna Magnus Hirschfeld ne ya kafa ta a Balin a 1897, yana neman a soke sashe na 175 na dokar ƙasar, wanda ke ɗaure maza masu neman maza. 'Yan Nazi suka wargaza cibiyarsa a 1933, suka ƙona littattafanta. Salon da duniya ta fi sani yanzu, na tuta mai launin bakan gizo da jerin gwano a titi, daga Amurka ya fito. Ranar 28 ga Yunin 1969 'yan sanda suka kai samame wata mashayar masu neman jinsi mai suna Stonewall a birnin New York, waɗanda ke ciki suka yi turjiya, aka kwashe kwanaki ana arangama. Shekarar da ta biyo baya aka yi tattakin tunawa da ranar, shi ya sa har yanzu a watan Yuni ake yawan bukukuwan. A 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire neman jinsi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, a 2001 kuma Holan ta zama ƙasar farko da ta halatta auren jinsi.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka labarin duk na Turawa ne. A Afirka ta Kudu, daga cikin yaƙi da wariyar launin fata abin ya tsiro. Simon Nkoli baƙar fata ne, ɗan gwagwarmaya, yana cikin mutum 22 da gwamnatin farar fata ta gurfanar a shari'ar cin amanar ƙasa ta Delmas. A gidan yari ya faɗa wa abokan zamansa cewa shi mai sha'awar maza ne. Wasunsu suka ƙyamace shi, har aka yi maganar a raba shari'arsa da tasu, amma zama ya yi zama, suka ga irin tsayuwarsa, da yawa suka sauya ra'ayi. Bayan ya fito ya jagoranci tattakin farko a Johannesburg a 1990, kuma kundin tsarin mulkin ƙasar na 1996 ya zama na farko a duniya da ya hana nuna bambanci saboda wannan dalili. Duk da haka har gobe ana kashe mata 'yan maɗigo a unguwannin talakawan ƙasar, don haka masu fafutuka a can ba doka suke nema ba yanzu, tsaro suke nema.

A Indiya ta ƙofar asibiti aka shigo. Wata ƙungiya mai yaƙi da cutar ƙanjamau, Gidauniyar Naz, ita ta kai ƙara a 2001 tana cewa sashe na 377 na dokar ƙasar, wanda ke hukunta neman jinsi, yana hana ta isa ga marasa lafiya saboda suna tsoron kamu. Sai a Satumbar 2018 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Sashen nan Turawan Ingila ne suka rubuta shi a 1860, kuma irinsa suka shimfiɗa a sauran ƙasashen da suka mallaka, har da tamu. Botswana ta soke nata ta hanyar kotu a 2019. Yuganda kuwa ta bi ta ɗaya hannun, ta ƙara tsananta dokarta a 2023 har da hukuncin kisa a wasu laifuffuka.

Mu a nan dokoki hawa-hawa ne. Akwai tsohuwar dokar laifuffuka ta zamanin Turawa mai ɗaurin shekara 14. Akwai dokokin shari'ar Musulunci a jihohi 12 na Arewa, waɗanda suka tanadi har rajamu. Sannan akwai dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014: shekara 14 ga waɗanda suka ɗaura, shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka, ko ya kafa ƙungiyarsu ko ya shige ta. Jama'a kuma suna tare da dokar. A binciken cibiyar Pew na 2019, kashi 7 cikin ɗari kacal na 'yan Najeriya suka ce al'umma ta amince da neman jinsi.

A irin wannan yanayi, babu mai fafutuka a Legas da yake tashi da safe da zancen aure a ransa. Abin da ke gabansu ya fi haka kusa da ƙasa. A watan Agustan 2018 'yan sanda suka kama maza 57 a wani otal a Egbeda, suka jera su gaban kyamarori tun ba a kai su kotu ba. Aka gurfanar da 47. Mutanen suka ce bikin ranar haihuwa suka je, akwai ma direban tasi a cikinsu. A Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa na Babbar Kotun Tarayya ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidu. Ba a samu kowa da laifi ba, amma fuskokinsu sun riga sun zaga ƙasa, wasu sun rasa aiki, wasu danginsu sun kore su. Ƙungiyar kare haƙƙi ta TIERS da ke nan Legas tana cikin waɗanda suka tsaya musu da lauyoyi. Yawancin aikin ke nan: beli, lauya, wurin kwana ga wanda aka kora daga gida, da rubuta rahoton cin zarafi.

Sai kuma abin da 'yan Legas ke kira kito, wanda BBC ta yi bincike a kansa a 2023. Ana yaudarar mutum ta intanet a kira shi wani ɗaki. Yana shiga sai ƙarti su fito, a tuɓe shi, a lakaɗa masa duka ana ɗaukar bidiyo, a karɓe wayarsa a kwashe kuɗin asusunsa, sannan a buga wa yayansa ko mahaifiyarsa a ce a turo kuɗi ko bidiyon ya fita. Ba zai iya zuwa caji ofis ba, don yana tsoron shi za a tsare. Masu wannan sana'a ba kishin addini ke motsa su ba, 'yan fashi ne da suka samu wanda ba shi da bakin kuka. Haka ma a ɓangaren lafiya: wanda ke tsoron tonon asiri ba ya zuwa gwajin ƙanjamau, kuma da yawa daga cikinsu magidanta ne, cutar gida take komawa.

Mu Hausawa muna da namu da bai shiga cikin haruffan nan daidai ba, wato 'yan daudu. Wanda ya taɓa cin abinci a tasha ya san su: zane ɗaure a ƙirji, hannu a lanƙwashe, habaici a baki, ga iya suyar kaza da tuwo. Mutane su ce "Ladi, ƙaro miya," shi kuma ya amsa da "To, Alhaji." An daɗe ana danganta su da bori. Daudanci ɗabi'a ce da sana'a, ba lallai ba ne ya zama neman maza, kuma da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, wasu sun sauke farali. Ba su taɓa ɗaga tuta ko neman a sauya doka ba. Shekara da shekaru ana zaune da su ana tsokana ana ciniki. Tun da aka fara kallon kowa da tabarau na LGBT, su ne na farko da ake nunawa da yatsa, saboda su ne ake gani.

Masu cewa abin turo shi ake yi daga waje suna da hujjar da ba za a share ba. A 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta neman jinsi, a 2023 kuma Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi ga Yuganda. Yawancin ƙungiyoyin ma da kuɗin waje suke aiki. Sai dai masu fafutuka na Afirka da kansu sun fitar da sanarwa a 2011 suna cewa kada a yanke tallafi da sunansu, don talaka zai sha wuya kuma a kansu za a huce. Ɗaya ɓangaren ma yana da baƙinsa: fastocin Amurka irin su Scott Lively sun je Kampala a 2009 suna zuga a tsananta doka.

Hukuncin luwaɗi da maɗigo a Musulunci sananne ne, haka yake a wurin yawancin coci-cocin ƙasar nan, kuma fahimtar ma'anar kalma ba ta neman kowa ya bar aƙidarsa. Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar ta zama lasisin duka da ƙwace da ƙazafi. Addinin da ya haramta aikin shi ne ya hana bin diddigin asirin mutane, ya gindaya shaidu, ya bar hukunci a hannun alƙali, bai ba 'yan unguwa sanda ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka ma a nan ta tsaya a ƙudurinta mai lamba 275, wanda ta zartar a Luwanda, babban birnin Angola, a 2014. Ba ta ce a halatta aure ba. Cewa ta yi gwamnatoci su hana kisa da fyaɗe da duka da kamun zalunci a kan wanda ake zargi, su kuma hukunta wanda ya aikata hakan ko da ma'aikacin gwamnati ne.