Waiwaye: me ya sa malamai mata ke maƙalewa a tsakiyar tsani a jami'a

Ranar sunan ɗan ƙanwata a ƙauyenmu can gefen Ringim, mata na ta guɗa a tsakar gida ana rabon tuwo, sai na leƙa ɗakin Gwaggo na tarar da Yaya ta baje takardun jarrabawa a kan tabarma, jan biro a hannu, autarta na bacci a bayanta. Gwaggo ta dube ta ta ce, "Ke kam 'yar nan, wannan karatun naki ba ya ƙarewa ne?" Yaya ta yi dariya kawai. Lakcara ce a wata jami'a, kuma waɗanda aka ɗauke su aiki tare, mazan, biyu har sun zama farfesoshi, ita ko tana nan inda take shekara da shekaru.

Toh abin ba yau ya faro ba, kuma kar wani ya ce addini ne, don tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu jajinta, wato matan da ta horar, ke shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Boko ce ta zo da ƙafar hagu. Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano a 1909, ta yara maza, Kwalejin Katsina ma da ta fitar da su Tafawa Ɓalewa da Sardauna ta maza ce zalla. Sai wajen 1930 aka buɗe wa 'yan mata nasu a Kano da Katsina, shi ma ɗinki da girki da tsafta aka fi ba ƙarfi, wato matan gida ake shiryawa ba malamai ba. Da aka kafa ABU a 1962, Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ina matan da za a ɗauka koyarwa? A ƙauyuka irin namu ai sai da UPE, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, ta zo a 1976 sannan firamare ta matso kusa, wasu iyayen ma ɓoye 'ya'yan suke yi a rumbu in an zo ɗaukar yara, Gwaggo da bakinta take ba da labari.

Kudu sun riga mu nesa. A 1973 Felicia Ogunsheye ta zama farfesa mace ta farko a Najeriya a Ibadan, a 1985 Grace Alele-Williams ta zama shugabar Jami'ar Benin. Mu a nan Jigawa abin alfaharinmu Farfesa Ruqayyatu Ahmed Rufa'i 'yar Ringim, ministar ilimi daga 2010 zuwa 2013, sai Farfesa Fatima Batul Mukhtar da ta riƙe Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021. Kullum su ake kawowa misali, kuma yawan maimaita sunayen nan shi kansa yana nuna maka ƙarancinsu.

Amma ni inda na fi ganin matsalar shi ne tsanin kansa. Ka fara da mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, sannan rida, wato mataimakin farfesa, sannan farfesa, kowane mataki galibi sai ka yi aƙalla shekara 3, kuma shekarun kaɗai ba sa kai ka, sai da digirin digirgir, sai da takardun bincike da aka buga a mujallu, a matakai biyun ƙarshe ma sai an tura ayyukanka waje wasu farfesoshi sun tantance. Koyarwa da duba jarrabawa da zama uwar ɗalibai, wanda shi aka fi jibga wa mata, makinsa kaɗan ne wurin furomoshin. To yaushe ake wannan rubutun? Da daddare da ƙarshen mako. Wanda ya tsara wannan lissafi wallahi mutum ne mai mata a gida, ya dawo ya tarar da abinci, ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Ita kuwa shekarun da ake son ta yi digirgir su ne dai shekarun goyon ciki da jego da yaye, ga uwar miji ba lafiya, ga biki ga gaisuwar mutuwa wanda in ba ta je ba a ce boko ta sa mata girman kai. Hutun haihuwa ana bayarwa, amma ba wanda zai rage mata yawan takardun da ake nema don ta haihu.

TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, tun 2011 tana biyan kuɗin ƙaro karatu da zuwa taruka, a da ma har ƙasar waje, sai dai takardar da ta fi wuyar samu ita ce yardar maigida. Namiji zai tafi Maleshiya shekara uku a yi masa addu'a, mace ta ce za ta kwana biyu a Abuja sai an yi zaman dangi.

Sabbin jami'o'in da aka kawo kusa da mu, Wudil a 2001, Dutse a 2011, Kafin Hausa a 2013, sun buɗe wa mata ƙofar aiki sosai, wannan gaskiya ne. Amma da yawa gidan aurensu na Kano, kullum suna kan titi, a sa mitin ƙarfe huɗu a tashi bayan magariba, ragowar maganar kuma maza su ƙarasa ta a hanyar masallaci ko wurin mai shayi, nan ake sanin wa za a ba shugabancin sashe, wa za a sa a kwamiti. Can sama kuma tallar kujerar shugaban jami'a sau da yawa takan ce sai wanda ya shekara 10 yana farfesa, wadda ta makara a ƙasa kenan an riga an cire ta tun kafin ta rubuta takarda.

Yaya dai ba ta jira la'asar ba, ta tattara takardun ta cusa a jaka, ta ce gobe ake karɓar sakamako. Gwaggo ta ƙulla mata daddawa da kuka a leda, na ɗauke ta a babur zuwa bakin titi, muka tsaya jiran motar Kano.