Kiwon Dabbobi Don Kyan Siffa

Kiwo don kyan siffa shi ne zaɓen namiji da macen da za su yi barbara saboda launi, girma ko ƙirar jiki, ba don madara, nama ko aiki ba. An fi yin sa ga karnuka, kyanwoyi, tantabaru da dawaki. Muhawarar da ke kansa ita ce: a ina ya kamata sha'awar mai kiwo ta tsaya idan siffar da yake so tana cutar da dabbar?

A Kebbi da Zamfara

Zaɓen iri tsohon abu ne a wannan yanki. Mai sayen ragon layya a Gusau ko Jega yakan duba ƙaho da kunne da launi kafin ya taya. Balami fari ne tas, mai tsayi da dogayen kunnuwa. Uda kuwa gabansa baƙi ko ja, bayansa fari. Fulani ma suna ji da jan Rahaji da dogon ƙahonsa. Sai dai daji yana taka wa wannan zaɓe birki, domin saniyar da ba ta jure tafiya da ƙishin rani ba za ta daɗe a garke ba, komai kyanta. Dabbar da ake ajiyewa a gida don kallo ba ta fuskantar wannan gwaji, shi ya sa illar ta fi bayyana a kanta.

Illoli

A Ingila aka tsara kiwon karnuka na gasar kyau, inda aka kafa ƙungiyar Kennel Club a 1873. Daga nan aka yi ta gajarta fuskar irin su Bulldog da Pug har hanyar numfashinsu ta ƙuntata. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, don haka mai irin wannan fuska yana cikin haɗari a Birnin Kebbi, inda zafin bazara ke wuce digiri 40. Dogon bakin karen farauta na gida, wanda wasu ke rainawa, shi ya dace da wannan yanayi. Mafi yawan 'ya'yan Bulldog na Ingila ma sai da tiyata ake ciro su saboda girman kawunansu.

Kyanwar Scottish Fold, wadda aka fara gani a Sikotilan a 1961, lanƙwasar kunnenta daga lahanin guringuntsi take, kuma lahanin yana kama gaɓoɓinta. Akwai tantabaru masu gajeren baki da ba sa iya ciyar da 'ya'yansu, sai an kai ƙwan ƙarƙashin wasu. Wani tushen matsalar shi ne barbara tsakanin dangi na kusa, uba da 'ya ko wa da ƙanwa, don kada launi ya ɓace. Launin yakan tabbata, amma cututtukan gado ma haka.

Shari'a da doka

Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta danganta tsage kunnuwan dabbobi da canza halittar Allah ga umarnin Shaiɗan, kuma hadisi ya hana yi wa dabba lalas a fuska. Zaɓen iri mai kyau bai shiga cikin wannan hani ba. Abin da ake duba shi ne cutarwa.

A Turai abin ya kai ga hukuma. Tun 2019 Holan take hana barbarar karen da tsawon bakinsa bai kai sulusin tsawon ƙoƙon kansa ba, a 2023 kuma kotun ƙolin Nowe ta tabbatar da haramcin barbarar irin karen da ake kira Cavalier King Charles. Masu kiwo suna cewa gwajin lafiya kafin barbara ya wadatar. Hujjar tana da ƙarfi idan cutar daban take da siffar, amma ba ta aiki ga irin Scottish Fold, wadda siffar da ake saye ita ce cutar.