Yaron da ƙara ke damunsa fiye da kima: tambayoyi da amsoshi

Me ya bambanta wannan larura da razanar da aka saba gani ga yara?

Yawancin ƙananan yara kan firgita idan aka yi tsawa ko aka tayar da janareta, daga baya su saba. Shi kuwa mai larurar da likitoci ke kira haifarakusis, ƙarar da kowa ke jurewa ce ke zame masa azaba, kamar injin markaɗe, hon ɗin babur ko lasifikar gidan biki. Mai lafiyayyen ji ba ya cika takura sai ƙara ta kai wajen desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), amma wannan yaro tun ba a kai ko kusa ba zai sa hannu biyu ya toshe kunnuwansa, ya fashe da kuka, ko ya ruga ya ɓuya a ƙuryar ɗaki.

Me ke kawo ta?

An fi ganinta ga yara masu otizim (larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane) da masu ciwon Williams (larurar da ake haihuwar yaro da ita saboda matsala a ƙwayoyin halittarsa). Tana kuma iya biyo bayan buguwar kai, ko bayan ruwan da ya daɗe a cikin kunne ya janye, duniya ta dawo wa yaro da ƙarfin da ya manta. Ba shagwaɓa ba ce, don haka duka da tsawa sai dai su ƙara dagula lamarin.

Shin ya dace a toshe masa kunne kullum?

A'a, kuma nan ne iyaye masu tausayi suka fi yin kuskure. Idan aka bar yaro da abin toshe kunne daga safe har dare, ƙwaƙwalwarsa za ta ƙara kaifin sauraro domin cike giɓin, ta yadda duk ranar da aka cire abin, ƙarar da a da yake iya ɗauka ita ma ta gagare shi. A ajiye shi don wuraren da ƙarar ta wuce misali, kamar filin hawan sallah inda ake harba bindigogin gargajiya, a cire da zarar an bar wurin.

To yaya ake magance ta?

Da farko likitan kunne, hanci da maƙogwaro zai duba kunnen, a gwada jin yaron. Daga nan sai a shiga sabar da shi a hankali. Ana barin sauti mai laushi, irin na fanka, yana tafiya a ɗakinsa. Ana kuma iya naɗar ƙarar injin markaɗen a waya, a miƙa masa ya riƙa ƙarawa da ragewa da kansa cikin wasa, domin yaro ya fi jure ƙarar da linzaminta ke hannunsa. Gargaɗi ma yana taimakawa: uwa ta ce masa, "Zan kunna inji yanzu," kafin ta kunna. Idan fargaba ta yi masa katutu, masanin halayyar ɗan Adam kan shigo ciki. Aikin yakan ɗauki watanni.

Ina za a nufa?

Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Yana da kyau a sanar da malamin ajin yaron tun da wuri, a roƙe shi ya zaunar da shi nesa da ƙararrawa, ya kuma ba shi izinin fita na ɗan lokaci idan hayaniya ta fi ƙarfinsa.