Sarki na jinya a ƙasar waje, gidan sarauta na makoki: me dokar Tonga ta tanada?

Ranar 15 ga Agustan 2006 firaministan Tonga, Feleti Sevele, ya katse shirye-shiryen rediyo da talabijin, ya shaida wa jama'a cewa jikin Sarki Taufa'ahau Tupou IV ya yi tsanani a asibitin Mercy da ke birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan, ya roƙi a sa shi cikin addu'a. Sarkin na da shekara 88 a lokacin, ya kuma haura shekara 40 bisa karaga. Makonni shida kafin wannan sanarwa gidan sarautar ya yi babban rashi. Ranar 5 ga Yuli, kwana ɗaya bayan zagayowar ranar haihuwar sarkin, ɗan ƙanensa Yarima Tu'ipelehake da matarsa Gimbiya Kaimana da mai tuƙa su suka rasu a haɗarin mota a Menlo Park, jihar Kalifoniya ta Amurka.

Tonga tarin tsibirai ne kusan 170 a kudancin tekun Pasifik, mutanenta dubu ɗari da ɗoriya, kuma ita kaɗai ce ƙasa mai cin gashin kanta a yankin Folinishiya da har yau sarki ɗan ƙasa ke mulka. A 2006 sarautar ba ta ado ba ce. Sarki ke naɗa firaminista da ministoci, kuma babu dokar da za ta fara aiki sai ya sa hannu. To idan mai wannan iko yana kwance a gadon asibiti a wata ƙasa, wa ke riƙe da mulki? Idan ta Allah ta kasance, wa zai hau?

Tambaya ta biyu ta fi sauƙi, don haka da ita za mu fara. Wanda ya saba da masarautunmu zai soma tambayar su wane ne masu zaɓen sarki, kuma 'ya'yan sarki nawa ke nema. A Tonga babu wannan zama, babu kamun ƙafa. An riga an rubuta amsar a kundin tsarin mulkin da Sarki George Tupou I ya bai wa ƙasar ranar 4 ga Nuwamban 1875, da taimakon wani ɗan mishan Bature, Shirley Baker. Tupou I ya girma cikin yaƙin basasar da ya ɓarke a 1799, wanda bai lafa sarai ba sai 1852, kuma shi ya haɗa tsibiran ƙarƙashin sarki ɗaya. Mutumin da ya ga abin da rikicin gado ke jawowa ba zai so ya bar ƙofar gardama a buɗe ba.

Sashe na 32 ya fara da sharaɗi guda: sai wanda aka haifa ta hanyar aure ne zai gaji sarauta. Daga nan sai jeri. Babban ɗa namiji ne kan gaba, shi da zuriyarsa. In bai bar baya ba, sai mai bi masa a maza da tasa zuriyar, haka har maza su ƙare. Sai in babu namiji ne babbar 'ya mace za ta hau, ita ma da zuriyarta. In zuriyar Tevita 'Unga, ɗan Tupou I, ta yanke baki ɗaya, sarauta ta koma gidan wani babban basarake mai suna Viliami Tungi. In nan ma babu kowa, sarki mai ci zai zaɓi magaji da yardar hakimai, a shelanta tun yana raye. In ya rasu bai yi haka ba, firaminista zai tara hakiman da ke majalisar dokoki su kaɗa ƙuri'a su fitar da ɗaya daga cikin sarakuna, ya kafa sabon gida. A waɗannan wurare biyu na ƙarshe kundin ya faɗa ƙarara cewa wakilan talakawa ba su da ta cewa. Hakiman da ake nufi su ne masu riƙe da sarautun gado 33 na ƙasar, kowace da filayenta.

Abin mamaki, mutumin farko da aka rubuta sunansa a matsayin magaji, Tevita 'Unga, shi kansa bai cika sharaɗin aure ba. Ɗan Tupou I ne, amma ba da matar da coci ya amince da ita aka haife shi ba. Ɗan da sarkin ya samu da uwargidansa ya riga ya rasu tun 1862, shi ya sa aka ambaci 'Unga da suna, sannan ɗansa Wellington Ngu, aka rufe ƙofa a bayansu.

Dokar ta sha gwaji tun mai ita na da rai. 'Unga ya rasu a 1879, Ngu a 1885, ƙanen Ngu da 'yar'uwarsu Fusipala duk suka rasu a 1889, tsohon sarki na nan daram. Da ya cika a 1893, ya haura shekara 90, sai sarauta ta faɗa kan tattaɓa-kunnensa, ɗan Fusipala, wanda ya zama George Tupou II yana da shekara 18. Wato ta ɗakin mace ya gada. Shi kuma bai bar ɗa namiji ta hanyar aure ba, sai 'yarsa Salote ta hau a 1918, ta yi shekara 47 tana mulki. Mijinta jikan Tungin nan ne da kundin ya ajiye a gefe, don haka ɗansu Tupou IV ya haɗa jinin gidajen biyu.

A 2006 lissafin a bayyane yake. Tupou IV ya haifi 'ya'ya huɗu: Yarima Tupouto'a a 1948, Gimbiya Pilolevu a 1951, Yarima Fatafehi 'Alaivahamama'o a 1954, sai auta 'Aho'eitu a 1959. Babban shi ne mai jiran gado. Bai taɓa aure ba, 'yar da yake da ita kuwa ba ta cikin lissafi bisa sharaɗin farko. Pilolevu ta girmi ƙannenta biyu, amma tana bayansu da 'ya'yansu saboda maza ne. Ke nan na uku ya kamata ya zama mai bi wa yarima, shi da 'ya'yansa a bayansa. Ba haka aka yi ba, dalili kuwa yana sashe na 33.

Wannan sashe ya hana duk wani ɗan gidan sarauta da ka iya gadon karaga yin aure ba da izinin sarki ba. Wanda ya yi, doka ba ta san da aurensa ba, kuma sarki na da ikon soke haƙƙin gadonsa da na zuriyarsa. Har cewa aka yi a ɗauke shi tamkar ya mutu, a wuce zuwa mai bi masa. Da aka zo fayyace waɗanda abin ya shafa, sai aka faɗaɗa shi har zuwa dangin da ke nesa da sarki hawa ashirin, wanda a ƙasa ƙarama irin Tonga jama'a ce mai yawa. Fatafehi 'Alaivahamama'o ya auri wata wadda ba jinin sarauta ba a Hawai a 1980 ba tare da yardar mahaifinsa ba, aka cire shi daga layi. Daga baya an ba shi sarautar Ma'atu, ya sake aure da wata jikar Malietoa Tanumafili II, shugaban ƙasar Samoa na lokacin, amma haƙƙin gado bai dawo ba, kuma 'ya'yansa ba su shiga layin ba. Ya rasu a 2004. A ganina nan ne dokar ta fi tsauri, domin hukuncin na bin yaran da ba a ma haife su ba lokacin da aka yi laifin, kuma mutum ɗaya ne ke yanke shi, wanda shi ne uban mai laifin.

Akwai kuma sashe na 35, gajere: wanda kotu ta kama da babban laifi, ko mai taɓin hankali, ba zai gaji sarauta ba.

Rasuwar Yarima Tu'ipelehake ba ta motsa wannan jeri ba, tunda yana can baya, bayan 'ya'yan sarki da jikokinsa. Giɓin da ya bari na siyasa ne. Shi ne ɗan gidan sarautar da ya fito fili ya tsaya tare da ma'aikatan gwamnati a yajin aikinsu na 2005, kuma shi ke shugabantar kwamitin da majalisa ta kafa don jin ra'ayin jama'a kan sauya tsarin mulki. Aikin kwamitin ne ma ya kai shi Amurka, domin ganawa da 'yan Tonga mazauna can. Mutum ne da fada ke saurare, masu neman sauyi kuma suka yarda da shi, irinsa kuwa ba su da yawa a lokacin.

Yanzu tambaya ta farko, wadda ta fi wuya. Sassa na 42 da 43 ne suka yi maganar muƙaddashi, kuma hali biyu kacal suka ambata. Na ɗaya, idan sarki zai yi tafiya ƙasar waje, yana iya naɗa wanda zai riƙe masa mulki har ya dawo. Na biyu, idan sarki ya rasu magajinsa bai kai shekara 18 ba, sai a duba wasiyyarsa. In bai ambaci kowa ba, hakiman majalisa su zaɓa ta hanyar ƙuri'a, nan ma ban da wakilan talakawa. Rashin lafiya ba ya cikin biyun. Sashe na 35 ya tsare ƙofar shiga, amma bai ce komai ba kan wanda ya riga ya shiga sannan tsufa ko ciwo ya ci ƙarfinsa. Ingila ta toshe wannan kafa da dokarta ta 1937, wadda ta ba mutum uku daga cikin wasu biyar da aka ƙayyade damar bayyana a rubuce, bisa shaidar likitoci, cewa sarki ya gaza, sai muƙaddashi ya karɓa. Sassan nan biyu na Tonga ba su da irin wannan hanya.

Abin da ya rufa asiri a zamanin Tupou IV shi ne a waje yake jinya. Duk zuwansa Auckland tafiya ce a idon doka, don haka sashe na 43 ya yi aiki. Ɗansa Tupouto'a ne muƙaddashi a Fabrairun 2006 lokacin da autan sarki, wanda ke firaminista, ya ajiye aiki, kuma ta hannunsa aka ɗora Sevele, wakilin talakawa na farko da ya riƙe muƙamin. In yarima ma ba ya ƙasar, Gimbiya Pilolevu ke riƙewa, kamar yadda ta yi a lokacin yajin aikin 2005. Ka ga wadda doka ta tura bayan ƙannenta a gado, ita ce ke zama a madadin sarki.

Riƙon nata bai wuce ba gardama. A Yunin 2006 ita ta buɗe zaman majalisar dokoki, sai wakilan talakawa suka ƙaurace, suka garzaya kotu, suna cewa doka ta ce sarki da kansa ne zai buɗe, ko wasu hakimai da ya wakilta. Kotu ta ce buɗewar ta halatta. Ma'anar hukuncin ita ce muƙaddashi ba ɗan aike ba ne, yana tsaye ne a matsayin sarki muddin riƙon na hannunsa. Sai dai asalin matsalar na nan: sarki ne ke naɗa muƙaddashi, kuma sai in zai fita ƙasar. Da a fadarsa ta Nuku'alofa, babban birnin ƙasar, ciwon ya kwantar da shi har ya kasa magana, da lauyoyi sun sha aiki.

Tupou IV ya rasu daren 10 ga Satumban 2006 a Auckland, garin da mahaifiyarsa ta rasu a 1965. Washegari aka rantsar da Tupouto'a a matsayin George Tupou V, tun kafin a binne mahaifinsa a maƙabartar sarakuna ta Mala'ekula ranar 19 ga wata. Bikin naɗi kuwa sai ranar 1 ga Agustan 2008. Wannan tazara ba ta rage masa komai ba, domin gado ne ke ba da sarauta, biki shaida ce kawai. Haka aka yi a 2012 da shi ma ya rasu a asibiti a Hong Kong: autansu ya zama Tupou VI nan take, aka yi bikin naɗinsa a 2015. A kwatanta da 'yan ƙabilar Maori na Niyu Zilan, waɗanda sarauniyarsu Te Atairangikaahu ta rasu a ranar da Sevele ya yi waccan sanarwa. Su sai da shugabannin ƙabilu suka zauna suka tattauna kafin a bayyana ɗanta Tuheitia a ranar jana'iza.

Gado ya tafi lami lafiya, amma siyasa ba ta tafi ba. Ranar 16 ga Nuwamban 2006, wata biyu da hawan sabon sarki, fushin jan ƙafa kan sauye-sauye ya rikiɗe ya zama tarzoma, aka ƙone mafi yawan tsakiyar kasuwancin Nuku'alofa, aka yi asarar rayuka. Gyaran da aka yi a 2010 ya mayar da kujerun zaɓe na majalisa 26, talakawa na zaɓen 17, hakimai na zaɓen 9, kuma majalisar ce yanzu ke fitar da firaminista. Dokar gado kuwa ko wasali ba a taɓa mata ba, kuma taɓa ta ba abu ne mai sauƙi ba. Sashe na 79, wanda ya ba majalisa damar gyara kundin, ya ware abubuwa uku da gyara ba zai shafa ba: dokar 'yancin jama'a, gadon sarauta, da sarautun hakimai da filayensu. Sashe na 67 kuma ya ce hakiman majalisa kaɗai ke da hurumin tattauna dokar da ta shafi sarki ko iyalinsa. Don haka wakilin talakawa da ke son a daidaita mace da namiji a gado, kamar yadda Ingila ta yi da dokarta ta 2013, ba shi da ƙofar shiga.

A yau mai jiran gado shi ne Yarima Tupouto'a 'Ulukalala, babban ɗan Tupou VI namiji, ko da yake yana da yaya mace. A 2012 ya yi auren zumunci da yardar sarki, auren da wasu, har cikin dangi, suka soka saboda kusancin jini. Mai bi masa shi ne ɗansa Taufa'ahau Manumataongo, wanda aka haifa ranar 10 ga Mayun 2013. Sai a Mayun 2031 zai cika shekara 18, don haka in sarauta ta iso kansa kafin nan, muƙaddashi ne zai riƙe masa bisa sashe na 42, tanadin da ba a taɓa amfani da shi ba tun 1875. Sarauniya Salote ce ta fi kusa da shi, domin makonni uku kacal da cikarta 18 mahaifinta ya rasu.