Sa'a a Gasar Wasan Ces

Wasan ces ba shi da ƙuri'a, babu kuma abin da ake ɓoye wa abokin karawa, shi ya sa ake ɗaukarsa wasan basira zalla. Amma a gasa sa'a tana da ƙofar shiga, musamman idan wasannin ba su da yawa.

Mai fararen 'ya'ya shi ke fara tafiya, kuma a wasannin ƙwararru yakan kwashi kusan kashi 55 cikin ɗari na maki. A tsarin Suwis, inda ake haɗa masu maki kusan ɗaya a kowane zagaye, wanda aka fara a Zurik a 1895, zagaye tara na nufin wani zai riƙe fari sau biyar, wani sau huɗu, kuma ba kowa ke haɗuwa da kowa ba. Ko ma'aunin Elo, wanda ake auna ƙarfin 'yan wasa da shi, hasashe ne kawai: wanda ya fi abokinsa da maki 200 ana sa ran ya ci kusan kashi 76, sauran na mai rabo ne.

An taɓa miƙa hukunci ga sa'a ƙiri-ƙiri. A 1983, a Velden ta ƙasar Ostiriya, Vasily Smyslov da Robert Hübner suka yi kunnen doki 7–7 a wasan neman damar karawa da zakaran duniya. Sai aka nufi gidan caca aka juya faifan rulet. Karon farko ƙwallon ya faɗa kan sifili, aka sake juyawa, Smyslov ya wuce.

Kwamfuta ba ta gajiya, ba ta ruɗewa kamar yadda Vladimir Kramnik ya ruɗe a Bonn a 2006, ya kasa ganin mutuwar sarkinsa cikin tafiya ɗaya a gaban manhajar ces mai suna Deep Fritz. Duk da haka kwamfuta ba ta tsira daga sa'a ba. Manhajar da ke lissafi da ƙwaƙwalwa da yawa lokaci guda tana iya zaɓar tafiya daban a matsayi iri ɗaya, ga kuma matsalar na'ura. A 1995 a Hong Kong, Fritz da ke kan kwamfutar tebur ta doke samfurin farko na Deep Blue, babbar kwamfutar ces ta kamfanin IBM, ta ɗauki kambin duniya na kwamfutoci a gasa mai zagaye biyar kacal.

Maganin da aka samo shi ne yawaita wasanni. A wasan ƙarshe na TCEC, gasar manhajojin ces, ana buga wasa 100, kowace buɗewa sau biyu, ana musayar launi. Ko a haka, a 2019 manhajar Stockfish ta sha da ƙyar a hannun manhajar Leela, 50.5 da 49.5. Masu gina Stockfish kuwa sai sun gwada gyara a dubban wasanni kafin su amince da shi.