Shin mulhidanci addini ne a idon doka?

Ka tambayi mulhidi, wato mutumin da bai yarda da samuwar Allah ba, ko yana da addini, zai ce maka a'a tun ba ka rufe baki ba. Ka tambayi malamin addini, shi ma a'a zai ce, don babu abin bauta, babu ibada, babu littafi. To ta yaya kotu a Amurka ta ce mulhidanci addini ne?

Maganar ta taso ne daga gidan yari. Wani fursuna mai suna James Kaufman, a jihar Wisconsin, ya nemi izinin kafa ƙungiyar da mulhidai 'yan uwansa za su riƙa zama suna tattaunawa. Hukumar gidan yarin ta hana, ta ce wannan ba harkar addini ba ce, alhali Kiristoci da Musulmi da mabiya Buddha duk an ba su damar taruwa. Ya kai ƙara. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke zama a Chicago ta ce, in dai ana batun gyara na farko na kundin tsarin mulkin Amurka ne, to a ɗauki mulhidancin Kaufman a matsayin addininsa.

Wannan sharaɗi na "in dai" shi ne masu yaɗa labarin kan yar a hanya. Gyaran, wanda ya fara aiki a 1791, ya ɗaure hannun gwamnati ta fuska 2: kada ta kafa addini ko ta fifita wani, kada kuma ta hana mutum yin nasa. Kalmar "addini" kawai aka rubuta. Da alƙalai sun ce kalmar ba ta shafi marar imani ba, da gwamnati ta samu ƙofar da za ta ware shi ta danne, ba tare da ta karya doka ba. Saboda haka suka faɗaɗa ta: duk matsayar da mutum ya riƙe da gaske a kan samuwar Ubangiji, ko ta eh ce ko ta a'a, tana ƙarƙashin rumfar. Alƙalan ba fatawa suka bayar ba, iyakar ikon hukuma suka shata.

Kuma Kaufman bai ci ƙarar duka ba. Kotun ta ce bai nuna cewa hana shi ƙungiyar ya tauye masa riƙo da aƙidarsa ba. Inda ta ga yana da hujja shi ne batun fifiko, an bai wa wasu an hana shi, don haka ta mayar da wannan ɓangaren ƙaramar kotu a sake dubawa.

Tushen hukuncin ya girmi shari'ar da shekaru 44. A 1961 Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar Roy Torcaso, wanda aka naɗa mai shaida sahihancin takardu a jihar Maryland, aka kuma hana shi muƙamin saboda ya ƙi furta cewa ya yi imani da Allah, kamar yadda kundin jihar ya tanada. Alƙalan suka ce babu gwamnatin da ke da ikon tilasta wa mutum furta imani ko rashinsa. (Abin mamaki, irin wannan sharaɗi yana nan rubuce a kundin wasu jihohi kamar Texas da Tennessee, sai dai kyanwar Lami ne.)

Birtaniya, a ganina, ta fi iya tsara maganar. Dokar Daidaito ta 2010 ba ta wahalar da kanta wajen kiran mulhidanci addini ba. Cewa ta yi, duk inda aka ambaci addini ko aƙida a cikinta, to har da rashinsu. Mai kamfani ba zai ƙi ɗaukar mutum aiki don ba ya ibada ba, kamar yadda ba zai ƙi shi don yana yi ba. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ma haka ya fassara sashe na 18 na yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa a 1993.

Wasu a Amurka sun so su juya wannan fahimta ta yi musu aiki: tunda gwamnati ba ta da ikon koyar da addini a makarantunta, kuma rashin addini ma addini ne, ashe duk darasin da bai ambaci Allah ba wa'azin mulhidanci ne. Wani malamin ilimin halittu a California, John Peloza, ya kai irin wannan ƙara a kan koyar da ka'idar Darwin ta juyin halitta. A 1994 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da hujjarsa, ta ce ka'idar bayanin kimiyya ce, ba addini ba. Malamin makarantar gwamnati a can ba shi da izinin tsayawa gaban aji ya ce babu Allah, kuma ba shi da izinin jan ɗalibai addu'a.